Martani: Wa Ya Halatta Korar Tsohon Kare?

Kwanan baya wani marubuci ɗan ƙasar Daura, wanda nake ganin girman alƙalaminsa, ya fitar da maƙala a kan wata ɗabi'a ta mutanen Ingila da Amurka. A can akwai gidajen da ake tara karnukan da masu su suka yasar. Mutum sai ya je ya zaɓi wanda ya tsufa, ya kai shi gidansa, har ya yankar masa inshora yana biya duk wata, don ranar da ciwo ya kama shi kamfani ya ɗauki kuɗin likita. Malam ya ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, kuma abin kunya ne a kawo zancen a ƙasar da talaka ba ya iya sayen maganin zazzaɓin ɗansa. Ya ce kare najasa ne, Musulmi ba shi da haɗi da shi sai bisa larura. Ya ce tsohon kare ba ya kamu, ba ya gadi, sai cin abinci da ɗaukar cuta, kuma daga irinsa ake samun mahaukacin kare. Ita kuwa inshora, a ganinsa, caca ce da aka sa wa riga. Daga nan ya juyo kan mafarauta da makiyayan Baure da Zango da Sandamu ya ba su shawara: kare in ya tsufa a rabu da shi, ko a sayar wa masu zagayen saye, ko a kai shi nesa a sake shi, ko a sa masa wani abu a tuwo. Ya rufe da karin maganar nan, karen bana shi ke maganin zomon bana.

Wannan shawara ta ƙarshe ita ta sa na ɗauki alƙalami. Sauran maganar ra'ayi ce, kowa da nasa. Shawarar kuwa, in aka bi ta, za ta cuci dabba, ta cuci yaran unguwa, ta kuma jingina wa addini abin da bai faɗa ba.

Bari in fara ba Malam gaskiyarsa. Inshorar kare irin ta Turawa ba ta da mazauni a Baure, kuma ban ji wanda ya ce a kawo ta ba. Ko a can ɗin ma ba ta tsohon kare ba ce sosai. A ƙasar Suwidin aka fara yi wa dabbobi inshora a 1890, da dawaki da dabbobin gona aka fara, sai a 1924 aka yi wa kare na farko. Ingila ta biyo baya a 1947, Amurka sai 1982. Tsarin kamfanonin ɗaya ne har yau: duk shekarar da kare ya ƙara, kuɗin wata ya ƙaru; ciwon da yake da shi kafin a yi rajista ba sa biya; wasu ma ba sa karɓar sabon kare in ya wuce wasu shekaru. Wato wanda ya ɗauko tsohon kare daga gidan marayun karnuka, irin na Battersea da ke Landan tun 1860, ya ɗauko wanda kamfani ya fi gudu. Mutumin Baure da bai samu inshorar lafiyar kansa ba, duk da dokar 2022 da ta ce ta zama dole a kan kowane ɗan Najeriya, ba shi za a ce ya nemi ta kare ba. A nan ni da Malam bakinmu ɗaya.

To amma me ya haɗa wannan da korar karen da ke kwance a ƙofar gidanmu? Baturen Landan ya je ya nemo tsohon karen wani ya riƙa. Mu ba a ce mu je mu nemo ba. Namu ne, mu muka ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo, mu muka yanke masa kunne, mu muka koya masa bin sawu, kuma a hidimarmu haƙoransa suka zube. Malam ya hau kan labarin nesa, wanda kowa zai yi wa dariya, ya sauko a kan hukuncin kusa, wanda ba abin dariya ba ne. Mai karatu na can yana jinjina wautar Turawa, bai ankara ba an miƙa masa lasisin cin amana.

Maganar najasa ita ce ta fi yi mini nauyi, domin da sunan addini aka yi ta. Allah ya gafarta Malam, wane littafi muka karanta a zaure? Duk ɗalibin da ya wuce Ishmawi ya shiga Iziyya ya ji cewa a mazhabar Imamu Malik kowane mai rai tsarkakakke ne muddin yana raye, kuma kare na ciki. Muhtasar na Shehu Halil ya haɗa har da yawunsa da guminsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki a ciki umarni ne da muke bi don bauta, Malikawa ba su ɗauke shi hujjar najasa ba. Gaskiya ne Shafi'awa da Hambalawa suna ganin najasa ne, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. Sai dai wanda zai rubuta wa mutanen ƙasar Daura, waɗanda kaka da kakanni a kan Malikiyya suke, ya kamata ya faɗa musu akwai saɓani, ya kuma faɗa musu inda malamansu suka tsaya. Kuma a ce ma najasa ne. Wace mazhaba ce ta ce najasar dabba ta halatta a bar ta da yunwa?

Shari'a ta yarda a riƙe kare don farauta, don kiwo, don tsaron gona. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya tsananta a littafinsa kan ajiye kare a gida, amma masu sharhi sun ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, shi da kansa ya ajiye kare, da aka tuna masa ra'ayin Malik ya nuna cewa da Malik ya ga wannan zamani da abin da ya fi kare ma ya ajiye. Mu da muke jin labarin rashin tsaro a Batsari da Jibiya da Safana, muna roƙon Allah ya ci gaba da rufa wa yankin Daura asiri, ba sai an yi mana dogon sharhi a kan wannan ba.

Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare ingantacce ne, ban musa ba. Amma wa ya ga mafaraucin Baure ya kwana ɗaki ɗaya da karensa? Karenmu a bakin danga yake, ko gindin rumbu, ko kusa da turken awaki. Malam ya kawo wannan hadisi, ya bar wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, na mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya koma cikin rijiya ya ciko huffinsa, ya riƙo shi da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Ya bar na matar Banu Isra'ila da aka yafe wa manyan zunubai saboda irin wannan aiki. Ya bar na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Karen da aka shayar a hadisin nan ba na farauta ba ne, ba na gadi ba ne, bai taɓa yi wa mutumin wani amfani ba. In wannan ne matsayin karen hanya, ina ga wanda ya shekara bakwai ko takwas yana kawo maka nama? Littattafan fiƙihunmu sun ɗora wa mai dabba ciyar da dabbarsa, kuma ban ga inda suka ce wajibin yana faɗuwa ranar da dabbar ta daina amfani ba.

Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu ya san kamannin karen da ake magana a kai. Bakinsa ya yi furfura, yana ta rufe ido ɗaya, kunnuwa cike da kaska, gefen cinya da tabon da gafiya ko dila suka bar masa. In rani ya yi aka buga gangi, matasan karnuka suka ruɗe suna tsalle a bayan mota, shi ma sai ya miƙe da ƙyar, ya bi su har bakin gari, sannan ya dawo ya kwanta a inuwar rumbu. Abincinsa ƙanzo ne da aka jiƙa, da ɗan ruwan dusa a fasasshen kasko. Wannan shi ne nauyin da Malam ke cewa ya fi ƙarfin talaka. Kuma da dare, in baƙuwar ƙafa ta doso garke, sau da yawa shi ke fara ɗaga kai, domin ya san takun kowa a unguwar, ya san wanda ba na nan ba. Mafarauta da kansu za su gaya maka ɗan kwikwiyo a bayan babba yake koyon aiki. Karen bana da Malam ke yabo, wa ya nuna masa hanyar zomo?

Sai batun hauka, inda kuskuren Malam zai iya kai wani kabari. Tsufa ba ya haukata kare. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke bin yawu, tana shiga ta cizo ko yaƙushi, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Ɗan wata uku zai iya ɗauka, ɗan shekara goma zai iya ɗauka, duk wanda aka ciza bai da rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 daga cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, sai dai a yi ta addu'a, domin kusan babu mai tashi.

Yanzu a duba abin da shawarar Malam ke haifarwa. Karen da ke gida yana da mai shi, ana iya kama shi a yi masa allura, in ya ciji wani ana iya ɗaure shi a sa masa ido kwana 10 a ga ko lafiyarsa lau. Ran da aka ɗora shi a babur aka kai shi bayan wani gari aka sake, ya zama na kowa kuma ba na kowa ba. Zai koma juji da bayan kwata, ya yi faɗa da karnukan da ba a san daga inda suka fito ba, ga shi ba ƙarfi, shi za a fi ciza. Baure kuwa a bakin iyaka take. Ta Babban Mutum ana shiga ƙasar Magarya a Jamhuriyar Nijar, ta ɗaya gefen ga Ɓaɓura a Jihar Jigawa, kuma kare ba ya tsayawa a shingen kwastan. Wanda ka kora yau, wata biyu ko uku masu zuwa zai iya dawowa ta hanyar makarantar allo da cutar a bakinsa. Ɗan wa zai fara tararwa?

Kisa da guba ma an gwada shi a duniya an ga ƙarshensa. Da cutar ta ɓulla a tsibirin Bali na Indunusiya a 2008, hukuma ta fara da kashe karnuka masu ɗimbin yawa, cutar ta ci gaba da yaɗuwa, sai da aka koma yi wa karnuka allura gida-gida daga 2010 sannan mace-macen mutane suka ragu. Dalilin a fili yake. In ka kashe karnukan unguwa, juji na nan, abinci na nan, wasu za su cike gurbin, mutane kuma za su ɗauko sababbin 'yan kwikwiyo marasa rigakafi. Abin da masana suka tabbatar shi ne, in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, aka kuma dawwama a kai, cutar ba ta samun hanyar wucewa. Da haka Mekziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida mata a 2019 cewa ta raba mutanenta da haukan da ake ɗauka daga kare. Babbar matsalar ƙauyukan Afirka ita ce karnuka ba sa daɗewa, ana yi musu allura bana, baɗi rabinsu sababbi ne. Saboda haka karen da ya daɗe a gida ɗaya yana karɓar allurarsa duk shekara shi ne wanda likitan dabbobi ya fi so ya gani. Wanda Malam ya kira tushen cuta, in an yi masa rigakafi, yana cikin masu tare ta. Ban kuma tsaya kan shinkafar ɓera ko fiya-fiyar da ake zubawa a tuwo a ajiye a bayan gida ba, inda kaji ke kiwo, inda yaro mai rarrafe ke wasa.

Kada a fahimce ni a karkace. Karen da ya haukace, ko ya zama mai cizon mutane, a kashe shi nan take, shari'a ta yarda, likita ma ya yarda. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa har rayuwa ta zame masa azaba, a kira malamin dabbobi ya sauƙaƙa masa ba tare da wahalarwa ba. Wanda kare ya ciza kuma, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen ko hantarsa. Abin da na ƙi shi ne a mayar da furfura laifi.

Sayarwa fa? Kowa ya san masu zagayawa ƙauyuka suna sayen karnuka, a cusa su a keji, a yi kudu da su. Kasuwar Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato ta yi suna a wannan ciniki, daga can kuma wasu su wuce har Kalaba. Ba na zagin abincin kowa, kowace al'umma da al'adarta. Tambayata ga Malam ce, shi da ya shigo da hujjar addini: ya manta hadisi ya hana cin kuɗin kare, kuma mashhurin zance a mazhabarmu shi ne hana sayar da shi? Sahnun, ɗaya daga malamanta, ya yi sassauci, amma a kan kare mai aikin farauta ko gadi ya yi, wanda za a saya don aikinsa. Yaya kare zai zama najasar da ba a iya ba shi ƙanzo, amma kuɗinsa su zama halal a aljihu? Ga kuma haɗarin lafiya: likitocin dabbobi na jami'o'inmu, har da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun sha gano alamar ƙwayar hauka a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a irin waɗannan kasuwanni, alhali a ido lafiyarsu ƙalau. Jigilar karnuka marasa allura daga jiha zuwa jiha jigilar cuta ce.

Hujjar talauci ba zan daɗe a kanta ba, don ba ta da ƙafa. Ba a taɓa jin gidan da yaro ya kwana da yunwa saboda an ba kare ƙanzo ba. Abin da ke talauta gida shi ne cizo. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kuɗin alluran da ake yi wa mutum bayan cizo a kan dala 108 a matsakaici, ga kuɗin mota zuwa Daura ko Katsina ko Kano in ba a samu a kusa ba, ga zirga-zirga sau da yawa. Allurar kare guda kuwa ba ta kama ƙafar wannan ba, kuma a nan gida ake yin ta, a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924. Wanda ya damu da talaka da gaske, rigakafin kare zai yi wa kamfe.

Saura inshora. Malam ya ce caca ce, kuma malamai da yawa sun yi magana a kan gararin da ke cikin inshorar kasuwa, shi ya sa aka samar da takaful, wadda hukumar inshora ta ƙasa ta fitar wa ƙa'idoji a 2013. Amma asalin tunanin, wato jama'a su tara kaɗan-kaɗan don ranar da ɗayansu zai shiga uku, ba Bature ya koya mana ba. Iyayenmu mata suna zubin adashi tun kafin a kafa banki a ƙasar nan. Mahauta na da asusunsu, direbobin tasha na da nasu. Mafarauta ma ƙungiya gare su, da Sarkin Baka, da ladubba, da tara ga wanda ya saɓa. Me zai hana duk fitar farauta a ware wani abu daga abin da aka samo, a ajiye a hannun amintacce, da shi za a kira malamin dabbobi sau ɗaya a shekara kafin a buga gangin farko, a yi wa kowane kare allura, a ba shi maganin tsutsa da na kaska, babba da yaro? In karen wani ya ji rauni a daji, a ɗinke shi daga asusun. In mai kare ya rasu ko ya yi ƙaura, ƙungiya ta nema wa karen wanda zai riƙe shi, maimakon a bar shi ya bi juji. Ga riƙo, ga inshora, babu kamfani, babu riba, babu garari. Wace aya ce ta hana wannan?

Abin da nake so a gane, dokar da za ta yi aiki a nan ta bakin manya ce. Dokar Penal Code ta Arewa ta daɗe da haramta azabtar da dabbar gida da yin sakaci da ita da gangan, amma wa ya taɓa kai ƙara saboda kare? In Sarkin Baka ya ce duk wanda ya yasar da tsohon karensa ba zai shiga motar farauta ba, magana ta ƙare. An ci moriyar ganga, ba za a ya da kwaurenta a gaban idon sarakunan daji su yi shiru ba.

Don haka ina kira ga hakimai da dagatan ƙasar Baure, da sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma, su sa rana ɗaya a shekara ta allurar karnuka a kowace gunduma. Ga 28 ga Satumba nan, ranar da duniya ta ware don yaƙi da wannan cuta, ta kuma faɗo daidai gabanin kaka da fitar farauta. A yi magana da hukumomin Magarya a yi tare, tun da karnukan ba su san iyaka ba. Limamai su ware huɗuba guda su karanta wa jama'a hadisin mai huffi da na mai kyanwa. Kai kuma Malam, mutane na karanta ka suna aiki da abin da ka faɗa. Ka ci gaba da sukar inshorar Turawa in ka so, ba zan tanka ba. Amma shawarar kora da guba da sayarwa kuskure ce a fiƙihu, kuskure ce a likitance, kuma ina roƙonka ka janye ta a rubuce, a inda ka buga ta.